An Sayar da Kalamanmu

Dasom ta tsayar da fim ɗin.

Ta mayar baya, ta sake saurara.

Jarumin yana tsaye a tashar mota, dusar ƙanƙara na zuba, ya riƙe hannun budurwarsa yana cewa, "Ba ni da abin da zan sa miki a yatsa. Amma duk ranar da hannunki ya yi sanyi, ga aljihuna."

Budurwar ta zura hannu a aljihun rigarsa, sai ga shi ta zaro man shafawa, aka hasko sunan kamfanin ɓaro-ɓaro.

"Wayyo ni..." abin da ya fita daga bakin Dasom ke nan, har ɗalibar da ke kusa da ita a laburare ta harare ta.

Aikinta ne kallon irin waɗannan finafinai masu dogon zango. Kundin digirinta na biyu a fannin zamantakewa a kansu yake, yadda suke koya wa mutane cewa so ba ya cika sai da jaka mai tsada, baƙin ciki ba ya wucewa sai an shiga kanti. Ta ga an cusa talla a wurin makoki ma, ba ta girgiza ba.

Amma waɗannan kalaman nata ne!

Saurayinta Gyutae ne ya faɗa mata su a tashar garinsu, Mokpo, ranar da ta kai shi ya gaida mahaifiyarta a rumfar kifi. Babu otal, babu furanni, babu jakar da 'yan matan Seoul ke ɗauka hoto su watsa. Su biyu ne sai sanyi. Abin da ya sa ta ce masa eh, za ta aure shi, ke nan.

Kuma Gyutae, aikinsa cusa talla a finafinai.

Ba ta san yadda ta isa kamfaninsu ba. A ƙasan benen ta yi kiciɓis da Yurim, abokiyar aikinsa, wadda ta daɗe tana saya masa kofi ba tare da ya roƙa ba.

"A'a, Malama mai bincike!" Yurim ta yi murmushi. "Kin gani ke nan? Man ya ƙare ƙaf a shaguna. Har ƙarin girma za a yi masa."

"Wa ya ba ku maganar?"

"Shi mana, da bakinsa, a gaban kowa. Kai, ashe haka kuke soyayya a ƙauye? Babu ko zobe? Ni da na ji tausayi ma kika ba ni."

Dasom ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Ki adana tausayinki. Wadda sai ta ari kalaman wata sannan ta ci abinci ita ce abin tausayi."

Nan Gyutae ya fito da gudu, igiyar katin aiki na lilo a wuyansa.

"Dasom... masoyiyata, tsaya ki ji."

"Ina ji."

"A liyafar ofis ne. Shugaba ya miƙo min kofin giya, ya sake miƙowa, kin san ba a mayar da hannunsa. Sai ya ce dole in ba su labarin yadda na nemi aurenki. Kaina ya riga ya yi nauyi. Ban san Yurim tana naɗa a waya ba, na rantse!"

"Tambaya ɗaya, Yaya. Kafin a haska, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na sani," ya ce a hankali. "Na ji tsoron faɗa miki... na ji tsoron hana su."

"Abu ɗaya nake da shi a duniyar nan da ban ga farashinsa a jiki ba."

Ta juya. Ba ta bari hawayen ya zubo ba sai da ta shiga jirgin ƙasa.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Tallan yana jikin bas, yana bangon tasha, ɗalibanta har kwaikwayo suke yi suna dariya. Takan sunkuyar da kai ta wuce. Da safe ta koyar, da rana ta yi rubutu, ta jiƙa taliyar leda ta ci a tsaye. Wadda ta taso tana gyaran kifi cikin sanyin asuba kafin ta tafi makaranta ba namiji ne zai kwantar da ita ba. Haka take gaya wa kanta.

Amma duk kiran da ya shigo, sai ta yi saurin duba sunan mai kiran.

Ranar wata Asabar kiran ya zo, sai dai ba nasa ba ne. Mahaifiyarsa ce.

"Ki zo gida, ina son ganinki."

Dasom ta san abin da ke jiran ta. Tun farko matar ba ta so auren ba. Ta ce karatun ya yi yawa, ta ce 'yar mai kifi ce, ta ce wace irin suruka ce za ta riƙa zagin talabijin ɗin da ke ciyar da ɗanta? Yanzu dai ta samu hujja.

Ta saka rigarta mafi kyau, ta sayi kwandon lemo, don ko sallama ce ba za ta shiga gidan manya hannu rabbana ba.

Ta rusuna ta gaishe ta. Mama ba ta amsa ba, kujera kawai ta nuna mata. A kan tebur ga man nan, har yanzu da ledarsa.

"Kin san wannan?"

"Na san shi, Mama."

"Ni fa kuka na yi da aka zo wurin nan a fim ɗin! Kuka wiwi! Washegari na bi layi na sayi kwali guda, na raba wa ƙawayena a coci. Har ina ce wa sakaran ɗana, ka ga yadda maza suke magana, kai kuwa ko jaka ba ka iya saya wa yarinya ba, ka bar ni ba ni da hoton nunawa."

Mama ta ci gaba.

"Shekaranjiya ya shigo min da kwalin kayan ofis. Wai an mayar da shi ma'ajiyar kaya a bayan gari. Na ce ƙarin girman fa? Ya ƙi magana, sai da na cire silifa!"

"Ma'ajiya?" Dasom ta ɗago da sauri.

"Au, ba ki ji ba? An yi liyafar murnar cinikin. Shugaban ya miƙo masa kofi, ya ce saura labarin bikinku, za su sa a ƙarshen fim. Wannan yaron, wanda ko mai gadi ba ya iya yi wa musu, ya kife kofin a kan tebur! A gaban kowa! Ya ce rayuwar matarsa ba ta kamfani ba ce."

Dasom ta matso gaba a kujerar.

"Matarsa... ya ce?"

"Haka ya ce, mara kunya." Mama ta ɗauki man ta jujjuya shi, muryarta ta yi ƙasa. "Babansa har ya mutu bai faɗa min ko rabin wannan maganar ba. Ashe ɗan da na haifa ne ya faɗe ta... kuma aka sayar min da ita a leda, na yi godiya."

Ta tura shi gefe.

"Abin da kike rubutawa ke nan, ko?"

"Shi ne, Mama."

"To ni ban gane turancinku na jami'a ba. Amma wannan na gane shi." Ta ɗaga murya. "Kai! Ka gama laɓewar? Fito!"

Gyutae ya leƙo daga kicin da faranti a hannu. Ya rame, idanunsa sun faɗa. 'Ya'yan itacen da ya fere duk sun yi kaca-kaca.

"Dasom..."

"Ka kife kofin shugaba?"

"Hannuna rawa yake yi, har na jiƙa masa wando."

Dariya ta kufce mata, hawaye na bin ta.

"Da tun farko ka yi, Yaya."

"Na sani. Na makara. Ki yafe min, zuciyata... ban da komai yanzu, ko muƙamin ma babu."

"Kar ka sake ka fara wata magana mai daɗi," ta ce tana share ido. "Akwai sharaɗi. Wannan labarin zai shiga kundina. Za ka zauna in yi maka tambayoyi, ka faɗa min yadda kuke yi tun daga farko, ba ɓoye-ɓoye."

"Zan faɗa. Ki sa sunana ma."

"Ni ma ki tambaye ni!" Mama ta cafe. "Da ƙawayena duka. Mu ne muke bin layin ai."

Dasom ta zuba mata ido.

"Me kike kallo? Kira mahaifiyarki, ki ce ta zaɓi ranar da za mu zauna a sa rana. Kuma..." Mama ta gyara murya, ta kau da kai. "An ce kifinta babu irinsa a Mokpo. Idan ba nauyi, ta taho min da shi."

Dasom ta fita baranda da wayar a kunne. Iska mai sanyi ta bugi fuskarta, ta ja numfashi har ƙasan ciki.

"Umma? Ni ce... A'a, lafiya ƙalau, ba kuka nake ba. Ki nemi wanda zai tsare miki rumfa, za ki zo Seoul."