Goshi da Goshi

"Shinshina ni ya yi, Tayyiba! A gaban baƙina!" in ji Baba.

Tayyiba ta dafe ƙofar falo, hawaye na bin kumatunta. Da ƙyar da jiɓin goshi ta shawo kan Baba ya yarda Khalil ya zo gaisuwa gidansu na Springfield. Khalil haifaffen Hawaii ne, asibiti ɗaya suke aiki, ya musulunta tun kafin su haɗu. Ta koya masa durƙuso har gwiwoyinsa suka yi tsami. Amma yana ganin furfurar Baban nata, Alhaji Maitama, sai karatu ya gudu. Ya haɗa goshinsa da na dattijon, hanci kan hanci, ya ja numfashi ya ce, "Aloha."

"Ai na faɗa!" in ji Gwaggo Furera, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta Misbahu tanadin Tayyiba. "Yau hanci, gobe Allah kaɗai ya sani."

"Kada ya sake tako mini gida," in ji Baba.

Washegari Tayyiba ta tarar da Khalil a tashar jirgin ƙasa ta Metro, idanunta a kumbure.

"Ka kashe ni, Khalil..."

"Masoyiyata, wallahi girmamawa ce. A wurinmu aloha ta wuce sannu, tushenta ƙauna ne da tausayi. Kakata takan ce alo fuska ce, ha kuma numfashi. Wanda ka ɗauka naka, shi kake shaƙar numfashinsa."

Sai ya ƙara da cewa:

"Rabona da yi wa wani haka tun ranar da mahaifina ya cika. Da na ga Baba... shi na gani."

Ta kai wa Baba maganar tana kuka. Ko ɗago kai bai yi ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, abinci ya daina shiga, tsoron rasa Khalil ya hana ta sukuni.

Ranar wata Juma'a Baba ya ce a kira shi.

Khalil ya zube tun daga bakin ƙofa.

"Baba, a gafarce ni."

"An ce ubanka ya rasu?"

"Ya rasu, Baba."

Alhaji ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ɗago shi, ya jingina goshinsa da nasa. Gwaggo, da ke zaune a gefe, ta suri jakarta ta fice.

"To ja numfashin, ɗana," in ji shi a hankali. "Ban san maraya na kora ba."