Tauraron da Ya Nemi Shaida

Wani dare aka ji ƙara a Rawayau, ƙirrr, ƙirrr, kamar kukan gyare amma na ƙarfe. Juwairiyya 'yar Malam Tukur ta leƙa ta katanga, ta ga maƙwabcinsu Ridwan mai gyaran rediyo ya kafa wani bututu mai madubi da kyamara. Ɗan injin da ke juya bututun yana bin taurari, shi ke kukan.

"Me ka yar a sama?" ta ce.

"Zo ki taya ni nema," in ji shi.

Tun daga nan soyayya ta ƙullu. Yana tura mata hotunan sama, tana gwada na jiya da na yau. Ita ce ma ta fara ganin ɗigon haske a wani gungun taurari mai nisan gaske, inda jiya babu komai.

Ya rubuto mata: "Hasken idona, tauraro ne ya fashe. In an tabbatar, sunanki ne gaban nawa."

Sai Badamasi, wanda shi ma ke son ta, ya je ya ce wa Malam wai Ridwan duba yake yi. Duba fa! Yaron da bai taɓa gaya wa kowa gobensa ba. Wannan ƙarya har yau tana ƙona mini rai.

"Ba na ba boka 'yata," in ji Malam.

Ridwan ya je ya durƙusa a gabansa. "Allah gafarta Malam, halittar Allah kawai nake kallo, har na ga tauraron da ya fashe."

Malam ya shekara talatin yana fita neman jinjirin wata. Ya ce, "Ganin mutum ɗaya bai ishe ni ba. Kawo shaida."

"Baba, ni ma na gani," in ji Juwairiyya.

"Ke son shi kike, shaidarki ba ta karɓuwa."

Kwana huɗu hadari ya rufe sama, Badamasi na yawo yana dariya. Rana ta biyar Malama Sakinatu, mai koyarwa a Dutsin-Ma, ta ɗauki hoton ɗigon da nata madubin, masana daga nesa suka auna haskensa suka tabbatar.

Malam ya sa idonsa a bututun, ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce, "Subhanallahi. Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure aka yi ta sa albarka, ango na gaya wa mutane cewa tauraron ya mutu tun shekaru miliyoyi. Sai maƙwabcinsu Ya'u ya ajiye goronsa ya ce, "To in ya mutu tuntuni, me Malam ya gani?"