Gida Na Biyar

Sau uku ina ƙirga gidajen layin, sau uku lissafin yana tsayawa a kan ƙofa ɗaya.

Koriyar ƙofa, mai ƙaramar ƙararrawa a gefe.

Ƙa'idar aikinmu ke nan. A kamfaninmu na jin ra'ayin masu zaɓe ba ka zaɓar gidan da ka ga dama. Ka tsallake huɗu, ka buga na biyar. Saura sati uku zaɓen sanatoci, kuma a ranar mutum goma sha biyu ake jira in ji ta bakinsu.

Amma wannan gidan na san shi. Gidan su Auta ne, mutumin da shekara biyu ke nan muna tare. Sau ɗaya ya taɓa nuna min ƙofar daga cikin mota, ya ce, "Wata rana da ƙafarki za ki shiga nan, rabin raina."

Mahaifiyarsa kuwa ta rantse ba zan shiga ba. Ko hotona ta ƙi kallo. 'Yar aminiyarta, wadda aka daɗe ana yi wa Auta sha'awarta, ta riga ta kai mata labari wai ni 'yar siyasa ce, gida-gida nake bi ina yi wa ɗan takara talla.

Akwai wata ƙa'idar kuma: idan kana da alaƙa da mutanen gida, ka wuce, ka sanar da ofis.

Na san da ita sarai.

Na danna ƙararrawar.

Wata dattijuwa ce ta buɗe, siririya, gilashinta a rataye a wuya. Idanun Auta ne sak a fuskarta.

"Sannu Mama. Daga kamfanin jin ra'ayin jama'a nake. Minti goma kawai zan ɗauka, idan ba damuwa."

"Wane ɗan takarar ne ya aiko ki?"

"Babu ko ɗaya, Mama. Tambaya kawai muke yi, mu haɗa amsoshi, a san abin da ke ran mutane."

Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ba ki zo da atamfa ko sabulu ba?"

"Biro ɗina ma aro na yi."

Ta ɗan murmusa. "Shigo, rana ta yi zafi."

Falon ƙarami ne, tsaf da shi. Keken ɗinki a jikin taga, an rufe shi da farin ƙyalle. Hotuna biyu a bango: Auta ranar da ya gama karatun haɗa magunguna, da wani saurayi mai faɗin murmushi da ban sani ba. Ta kawo min ruwa mai sanyi. Na kunna na'urar da nake cike amsoshi a ciki.

Tambayoyin farko sun tafi lafiya. Shekarunta, sana'arta, abin da ya fi damunta a unguwa. Ta ce asibiti, ta ce tsadar magani, ta ƙara da cewa ɗanta ma a kantin magani yake aiki amma ba ya yi mata ragi. Na yi dariya fiye da yadda ya kamata.

"Mama, za ki fita zaɓen sanata?"

"A'a."

"Akwai dalili? Ga zaɓi nan: nisa, rashin lafiya, rashin yarda da 'yan takara, ko wani abu dabam."

Ta ɗaga kai ta dubi hoton saurayin.

"Rubuta wani abu dabam."

Na jira. A wajen horo an koya mana jira.

"Babban ɗana ke nan," ta ce. "Direba ne. Shekara tara da suka wuce wani mai neman sanata ya ɗauke shi lokacin kamfe. Kwana uku suna yawo bai runtsa ba. A hanyar dawowa motar ta kife."

"Allah ya jiƙansa..."

"Amin. Mutumin ya ci zaɓe. Ranar da suke ta kiɗa a bakin titi, ni ina nan inda kike zaune ina karɓar gaisuwa. Bai zo ba. Bai aiko ba. Ban ce ya dawo min da ɗana ba, 'yar nan. Sannu kawai nake jira."

Auta ya taɓa gaya min yayansa ya rasu a hatsari. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni ma ban taɓa tonawa ba.

"Yanzu kuma ƙaramin ya ɗauko min wata," ta ci gaba, tana share ido da gefen mayafi. "An ce a cikin 'yan siyasa take. Na ba su ɗaya, ba zan ƙara musu na biyu ba."

Akwatin amsar bai wuce layi biyu ba. Na dube shi, na dube ta, na ji kunyar kaina ta rufe ni. Matar nan ta buɗe min cikinta ne don ta ɗauka baƙuwa ce ni, wadda za ta fita ba za ta sake ganinta ba.

Na kashe na'urar.

"Mama... ni ce."

"Ke ce wa?"

"Wadda Auta ya kawo miki maganarta."

Ta sa gilashinta a hankali. Ta daɗe tana kallona.

"Kin san gidan waye kafin ki buga?"

"Na sani."

"Kika zauna kika bar ni ina ta zuba?"

"Na yi kuskure, Mama. So nake ki gan ni ko sau ɗaya ne, kafin..."

"Na gan ki. Tashi."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Na ajiye mata katin ofis a kan tebur, don dole ne a bar wa duk wanda aka yi wa tambaya, na fita.

Daga nan ofis na wuce. Na gaya wa shugabarmu, wadda muke kira Anti, komai da komai.

"Kin san amsa ɗaya mai tangarɗa tana iya sa a yi shakkar dubu biyu?" ta ce. "Ke da nake kafa misali da ke!"

A gabana ta goge hirar. Ta dakatar da ni har bayan zaɓe.

Da yamma Auta ya kira.

"Me ya kai ki? Wata shida ina lallaɓa ta, kin rushe a minti goma!"

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min yadda Yaya ya rasu ba?"



"Ba ma maganar a gida," ya ce daga baya, muryarsa ta yi ƙasa. "Ko ni ba ta taɓa yi da ni ba. Ke ta gaya wa?"

"Ba ni ta gaya wa ba, masoyi. Baƙuwa ta gaya wa."

Babana da ya ji, cewa ya yi in haƙura. "Ba a tura 'yata inda ba a son ta. Ki bar yaron nan." Ban yi musu ba. Na daina ɗaukar wayar Auta. Kwana goma ina zaune a ɗaki ina jin rediyo na karanta sakamakon aikinmu: wane na gaba da kaza, wane na biye, kashi ɗaya cikin huɗu sun ce ba za su fita ba. Da can lamba ce kawai a wurina. Yanzu duk sanda aka faɗa, sai in yi ta tunanin falo nawa ne a cikin wannan kason, da hoto nawa a bango.

A rana ta sha ɗaya Anti ta kira ni.

"Wata dattijuwa ta bugo ofis jiya. Wai wata yarinya ta gaya mata kin naɗi muryarta za ki sayar wa ɗan takara."

Ba sai an gaya min wace yarinya ba.

"Me kika ce mata, Anti?"

"Gaskiya. Na ce ba ma aiki da kowane ɗan takara, an goge hirarta, kuma ke da bakinki kika kawo ƙarar kanki har kika rasa aikin sati uku. Ta sa na maimaita mata sau biyu. Ta ce ki je."

Wannan karon ƙofar a buɗe na same ta. Mama na kan keken ɗinki, ba ta ɗago ba.

"Zauna. An ce an kore ki."

"Dakatarwa ce, Mama."

"Wa ya sa ki faɗa musu? Ni dai ban kai ƙara ba."

"Babu kowa. Abin da kika gaya min ba na kamfani ba ne. Ni ma ban cancanci ji ba."

Ta tsayar da keken.

"Ban yafe shigowar da kika yi min ba tukuna, kar ki ɗauka an gama. Amma wadda na sani tun tana cikin zani ta dube ni ta yi min ƙarya, ke da ban sani ba kika faɗi gaskiyar da ta cuce ki." Ta cire gilashin ta murza idonta. "Kuma tun ranar nake barci. Shekara tara abin nan na zaune min a ƙirji."

Hawaye suka zubo min. Na sauko daga kujera na durƙusa kusa da ita.

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Wannan aikin naki, bayan aure ma za ki ci gaba da shi?"

"Ina so, Mama. Idan an mayar da ni."

"To ki riƙa sa hula, rana na cin fuskarki. Ki gaya wa babanki ƙannen mahaifin Auta na nan zuwa, in an gama hayaniyar zaɓen nan."

Ta ɗora hannu a kaina, sannan ta juya wajen ƙofar ɗaki.

"Kai kuma Auta, fito daga bayan labulen nan. Tun ɗazu nake ganin ƙafafunka."