Gidajen da Taswira Ta Tsallake

Ƙarfe shida na yamma Auta ta tashi daga gaban kwamfuta, ta ɗauki kwalbar maganin wanke ɗaki da ta saya da rana, ta ce wa Yallaɓai za ta je ta dawo. Gwaggonta ce ta yi waya tun da safe, wai wani wari ya addabe su a unguwa, ta zo mata da abin da zai kashe shi. Wannan gwaggon ita ta riƙe Auta tun tana 'yar shekara huɗu bayan rasuwar iyayenta, ita ta yi ta taka tsohon keken ɗinki har Auta ta gama karatun zanen taswira. Yanzu a ofis Injiniya ake ce mata.

"Kar dai ki wuce takwas," in ji Yallaɓai, shugaban sashensu. "Takwas daidai za a sa hannu, fayil ya tafi. In ya tafi kuwa, ba mai sake taɓa shi sai bayan shekara goma."

Yana magana yana ɓare dafaffen ƙwai a kan takardun aiki, gwaiduwa ta maƙale masa a gefen baki. Mutum ne da in ya gama ci sai ya yi sakace da ƙarfen matse takarda, ya duba abin da ya zaƙulo, ya mayar da shi baki. Auta ta kau da kai.

Aikin ofishin shi ne shata iyakokin mazaɓun 'yan majalisa a kwamfuta. Kowace mazaɓa da launinta, kuma doka ta ce kowane gida sai ya faɗa cikin launi ɗaya. Mako uku da suka wuce Auta ta hango wani siririn fari a taswirar. Layin mazaɓa ta bakwai ya bi tsohuwar magudanar ruwa, layin ta takwas ya bi sabon titi, a tsakaninsu aka bar gidaje sittin da biyu ba launi. Ta nuna wa Yallaɓai. Ya leƙa, ya yi gyatsa, ya ce, "Bar shi haka." Mutanen unguwar bakinsu ɗaya ne a zaɓe, ga taurin kai, shi ya sa 'yan majalisar biyu kowa ya ce ba ya so. Wanda ba shi da mazaɓa kuwa ba shi da akwatin da zai jefa ƙuri'a, kafin ya gama kai ƙara an gama zaɓe.

Gidan Gwaggo yana cikin sittin da biyun, kuma Auta ta sani sarai. Ta dai ce wa kanta ai ƙuri'a ɗaya ce tsohuwa za ta rasa, ƙuri'a kuwa ba cin ta ake yi ba. Ga kuma ƙarin girman da Yallaɓai yake ta kwaɗaita mata. Sai ta adana fayil ɗin yadda yake, ta yi gum da bakinta. Abin kunya ne, ba wani sunan da za a ba shi.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ta ajiye mota a bakin magudanar, saboda mota ba ta shiga lungun, ta hau 'yar gadar katako. Ko'ina ta sa ƙafa sai ta duba wayarta ta ga shuɗin ɗigon nan mai nuna inda mutum yake tsaye, ciwon sana'a ne. A tsakiyar gada ɗigon ya soma rawa. Tana sauka ya ɓace.

A bayanta ana jin babura, da injin wutar mai aski, da rediyon wani shago. Taku uku ta yi duk suka ɗauke, kamar an toshe mata kunne da auduga.

Sai warin ya tare ta. Ba na magudana ba ne, da wannan ta girma, ta san shi. Wannan irin na naman da aka manta a firij ne bayan wuta ta ɗauke kwana huɗu, da wani zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa mai maƙalewa a maƙogwaro. Ta ja gefen mayafi ta toshe hanci, mayafin ma ya riga ya ɗauka.

Katangu suna tsattsafo da wani ruwa rawaya mai yauƙi. Mai gyaran takalmi yana zaune a inda ya saba, takalmi a cinya, ƙudaje sun yi jere a leɓensa na ƙasa, bai kore su ba. Ta gaishe shi. Idanunsa ne kawai suka biyo ta.

A ƙofar kowane gida an kafa farin turke. Ta sunkuya, a zatonta irin na masu awon fili ne. Ƙashi ne, da sauran jijiya a jikinsa.

Ta tura ƙofar Gwaggo.

"Sannu da gida, Gwaggo."

"Auta? Rufe ƙofar. A hankali."

Tsohuwar tana kwance rigingine a kan gado, ta zube kamar ba ita ba. Burodin da ke kan tebur ya yi gashi. Ruwan bokiti ya yi fata a sama, fatar tana motsi.

"Tun yaushe kike kwance haka?"

"Wa ya sani. Abinci ba ya awa ɗaya a gidan nan sai ya yi tsutsa." Da raɗa take magana. "Masu awo ne suke ta zuwa, yau mako uku. Na ce musu ai 'yata ma aikinta ke nan. Suka ce sun san ki."

Kafin Auta ta buɗe baki ta ji wani motsi a tsakar gida, kamar ana jan jiƙaƙƙen tsumma a kan siminti.

Caɓ.

Shiru.

Caɓ.

Abin bai buɗe ƙofa ba. Ta ƙarƙashinta ya malalo, sannan ya soma tashi a hankali kamar kwaɓin fulawa. Gajere ne, sanye da riga mai ƙyalli irin wadda ma'aikatan ofishinsu suke sawa in sun fita awon fili. A gurbin idanunsa ramuka biyu ne cike da fararen tsutsotsi masu juyawa. Ya sa hannu a ƙarƙashin rigar, ya jawo igiyar awo daga cikin cikinsa. Hanji ne, an ƙulla shi taku-taku, yana tururi.

Ya shimfiɗa shi a gindin bango, ya bi da yatsa yana ƙirga ƙulli. Sai da ya gama ya juyo.

"Sannu da aiki, Injiniya. Aiki ya yi kyau."

Muryarsa a tausashe take, cike da ladabi. Numfashinsa ya bugi fuskarta, ta haɗiye amai.

"Mu ma da ofishinmu," ya ce. "Ba ma ƙwace. Abin da kuka bari ba launi, shi muke ɗauka. Da ƙasar, da ginin, da abin da ke numfashi a ciki."

"Kuskure ne," ta ce, da kyar.

"Kwana ashirin da ɗaya kina kallonsa." Ya soma zagaye gadon da igiyar. "Takwas muke jira, a sa hannu."

Auta ta faɗa kan gadon, ta cusa hannuwa ƙarƙashin Gwaggo za ta ɗaga ta. Ba ta ɗagu ba. Wasu fararen zaruruwa sun fito daga katifar sun shige bayan tsohuwar, dubbai, masu danƙo. Ta ja da ƙarfi, sai ta ji wani abu ya fara yagewa.

"Bari, Auta. Fatata za ki ɗaye."

Wani abu mai ɗumi ya naɗe mata idon sawu.

"Ke ma a ɗakin nan kika girma," in ji shi. "Tsaya in auna ki."

Igiyar ta matse. Ta hau ƙwauri. Tana bugawa kamar jijiya.

Auta ta ciji murfin kwalbar ta buɗe, ta juye maganin duka a ƙafarta. Igiyar ta tsuke, ta saki, ta tafi da takalminta ɗaya.

Ta fita da gudu. Ta bar Gwaggo.

Ƙafarta ba takalmi tana nutsewa a wani abu mai laushi, ba ta duba ba. A kowace ƙofa akwai mai riga mai ƙyalli a tsugune, kowa da igiyarsa. Ba wanda ya bi ta. Ɗaya bayan ɗaya suke ce mata sannu da aiki.

Tana hawa gada ƙarar gari ta dawo mata gaba ɗaya. Ta durƙusa ta kelaya amai a magudana. Ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar.

Takwas saura minti tara ta shiga ofis, ƙafa ɗaya ba takalmi. Yallaɓai yana cikin ɗakinsa yana dariya a waya. Ta buɗe fayil.

Hanya biyu ce ta toshe irin wannan giɓi. Ta gaskiya ita ce a zagaye gidajen da hannu, a ba mazaɓa ɗaya su duka, a sake lissafin yawan jama'a, aikin rabin awa ke nan. Ɗayar kuwa wani maɓalli ne da manhajar take da shi, mai rufe duk wani giɓi da kansa. Auta ce take gargaɗin sababbin ma'aikata kada su kuskura su taɓa shi, domin shi bai san gida ba, bai san titi ba. Layukan biyu kawai yake jawowa su haɗu a tsakiya, duk abin da ke wurin ya ratsa shi.

Saura minti uku.

Ta danna.

Farin ya ɓace, launi ya haɗu da launi. Takwas daidai Yallaɓai ya fito yana share baki, ya sa hannu bai ko duba ba, fayil ya tafi.

Washegari da sassafe ta koma. Warin ya tafi, turakun ma babu su. Mata suna ta wanke katangu, mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa gudumarsa. Sai dai wata tsaga siririya ta ratsa unguwar daga wannan kai zuwa wancan, miƙe sak, ta bi ta cikin gidaje goma sha ɗaya. A gidan Gwaggo ta shiga ta taga, ta bi ƙasan ɗaki, ta raba gado biyu a tsaye, ta fita ta bangon baya.

Gwaggo tana da rai. Ɓarin damanta lafiya lau, ɓarin hagu kuwa ya mutu tun daga fatar ido har yatsan ƙafa. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, abin tsufa. Bai dai iya faɗin dalilin da ya sa ɓarin yake sanyi ƙalau ba, ko me ya sa sabulu ba ya kashe warinsa. Auta ta buɗe taswira ta matso da hoton rufin gidan kusa, ta ga inda layin ya bi, ta rufe.

Da Yallaɓai ya gano an toshe giɓin, maganar ƙarin girma ta bi ruwa. Gidaje hamsin da ɗaya suka sami mazaɓa. Goma sha ɗayan da layi ya ratsa kuwa, ta bakwai ta ce na takwas ne, ta takwas ta ce na bakwai ne, har aka gama zaɓe.

Auta ta ɗauko Gwaggo ta dawo da ita gidanta. Kullum da safe kafin ta tafi ofis sai ta zo da ruwan ɗumi da tsumma, ta riƙe numfashi, ta goge mataccen ɓarin, ta tsince fararen zaruruwan da suka tsiro cikin dare. Gwaggo ta ji a bakin maƙwabta cewa wata ma'aikaciya ce ta gyara taswira a minti na ƙarshe, kuma ta san ko wace ce. Wanda ya bar giɓin tun farko ne ba ta sani ba, Auta kuwa ta buɗe baki za ta faɗa ya fi sau ashirin.

In an gama gugar sai tsohuwar ta ɗaga hannunta mai rai, ta dafa kan Auta, ta yi magana da rabin baki, yawu yana zuba ta ɗaya gefen.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Duk ofishin nan ke kaɗai ce kika tuna da mu."

Auta takan ce amin, ta ɗauki bokitin ta fita.