Akushin Manzon Sulhu

Da almuru Latifu ɗan kabu-kabu ya sauke buhun albasa a Garou, ya juyo Malanville. A gefen fadamar shinkafa wani tsoho ya ɗaga mishi hannu, rungume da akushi. Latifu ba ya wuce tsoho a hanya. Ya tsaya.

Suna tashi wari ya buge shi. Ba na ruɓaɓɓiyar albasa ba, wannan ya san shi. Wari ne mai maiƙo, mai manne wa maƙogwaro.

"Baba, ina muka nufa?"

"Sansanin masu bindiga," in ji tsohon cikin raɗa. "Birnin Gawo ya faɗi, mun gudo ƙasar Dandi. Sun ce mu zo a ci tuwon sulhu."

Latifu ya ji labarin nan a bakin kakarsa: rundunar da ta ƙetaro hamada ta rushe daular Songai, ta rantse da Alƙur'ani, ta kira manya cin abinci, ta yanka su a kan tabarma. Ƙazaman mutane. Ɗaruruwan shekaru ke nan.

Babur ya mutu da kansa. Kwaɗi suka yi tsit.

"Wanda ya ɗauko manzo shi ka fara ɗanɗanawa, a san ba guba. Haka al'ada take," in ji tsohon.

Ya buɗe akushin. Tuwon yana motsi. Tsutsa fal, ga miya baƙa ta daskare, ga yatsa a ciki da zoben azurfa. Tsohon ya yanko loma ya miƙo. Daga wata tsaga a wuyansa iska ke fita, fuu, fuu.

"Bismilla. In ka ci, mu tahi tare."

Latifu ya kau da kai.

"Ina azumi, Baba."

Ƙarya ce. Tsohon ya dubi jan da ya rage a yamma.

"Ba komi. Mu jira kiran salla."

Can a gari lasifika ta yi ƙara, ladan ya gyara murya.

Latifu ya yar da babur ya zura. Bai tsaya ba sai gaban 'yan duwan masu tsaron iyaka, inda ya amayar da duk abin da ke cikinsa.

Tun ranar, da rana kawai yake cin abinci. Ana kiran magariba warin ke isowa ƙofar gidansa, ya zauna, yana jiran Latifu ya kai loma baki. Matarsa Zuwaira ba ta jin komi, sai faɗa take yi ya rame.

Jiya aka ga watan Ramalana.