Littafin da Ya Iya Zagi

"Wanga tuwo ne ko tsakuwa?"

"Inna, yadda littafin ya ce haka ta yi."

"To littafin ya zo ya ci."

Inna Kulu ce da ɗanta Malam Atiku, malamin firamare a Dutsin-Ma, suke ta yi a kan tuwon amaryarsa Sauda. A ajin yaƙi da jahilci ya gan ta ya so ta. Marainiya ce, a ruga ta tashi, fura da nono ta sani, tuwonta kuwa gudaji zalla. Littafin girkin da ya sayo mata a Zariya wata Baturiya ce ta rubuta, kome sai da minti, alhali agogon gidan ɗaya ne, shi ma yana hannun Malam a makaranta. Ko sunan daddawa babu a ciki.

Inna ta yanke hukunci. Kwana bakwai za ta yi, in ta tashi komawa Kurfi tuwon bai gyaru ba, sai ya sallami yarinyar. Sauda ta durƙusa da hawaye ta roƙi Inna ta koya mata, tsohuwa ta ce ita ba ta koya wa mai littafi.

Sauda ta share ido, ta soke fensir cikin ɗankwali. Ta lura Inna tana iya hana koyarwa, amma ba ta iya ganin ɓarna ta yi shiru. Washegari ta ɗora tukunya a gaban Inna, ta ɗebo gari za ta zuba cikin ruwan sanyi da gangan. Inna ta zabura da faɗa, ta ce talge ake fara yi. Sauda ta faki ido ta rubuta a fararen shafukan bayan littafin. Haka ta yi da kanwa, da kuka, da riƙon muciya. Kwana shida tana shan zagi tana rubutawa, ba ta zubar da ko kalma ɗaya ba.

Rana ta bakwai Inna ta kai loma, ta ƙara, ta suɗe akushi. Malam ya sauke numfashi. Haƙuri da naci sun riƙe auren da littafin Zariya ya kusa kashewa.

Inna ta ce a karanto mata littafin nan da ya shiryu. Sauda ta karkace baki, ta shaƙe murya irin ta tsofaffi.

"Ki bar talge ya dahu har ki ja carbi sau uku, sakarya. Daddawa kamar kan babban yatsa. Tuƙa da ƙarfi mana, ɗiyar nan, hannun aro gare ki?"

Malam ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Inna ta jinjina kai.

"Baturiyar ga ta iya girki," in ji ta, "amma ba ta da tarbiyya."