Gidan Da Ba Ya Riƙe Mai Shi

Ranar da aka jefa keken ɗinkinta cikin kwata, Mai Ɗinki ta bi shi har cikin kwatar. Ta durƙusa cikin taɓo tana tsintar zare, hawaye na bin kumatunta, matan layi kuwa sun yi cirko-cirko suna kallo, har da waɗanda ta sha ɗinka wa 'ya'yansu kayan makaranta kyauta. Kai, duniya!

Duk a kan gidan nan ne mai kallon ɗan ɗakin hayarta. Ita da marigayi mijinta suka gina shi tun unguwar tana gonaki a bayan gari, ita ke ɗebo wa magina ruwa a ka. Da ya rasu, da yake Allah bai ba su haihuwa ba, sai ƙaninsa, wani dillalin gidaje mai daɗin baki, ya sayar da gidan tun hawayenta bai bushe ba. Bai tsaya nan ba, ya yanki bayan gidan ya kafa wa kansa shago.

Wani tsohon malamin makaranta ne ya fara saya. Damina na sauka bango ya jiƙe, littattafansa suka yi funfuna, ya sayar. Mai kantin magani ya saya, ya zuba fenti, fentin ya kware kamar ɓawon albasa, shi ma ya tattara. Kowane ciniki dillalin nan ne a tsakiya yana cin la'ada, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya rage murya, ya nuna ɗakinta da haɓa, wai matar yayansa ce ta yi wa gidan baki. Unguwa ta cika, kwalta ta zo, wuta ta zo, amma aka daina kawo mata ɗinki. Yara in sun hango ta sai su tsallake titi...

Na uku da ya sayi gidan direban babbar mota ne. Da 'yarsa ta kamu da tari har aka kwantar da ita a asibiti, matarsa ce ta jawo matan layi suka yi wa keken wannan ɗanyen aiki.

Mai Ɗinki ta je shagon dillalin da taɓo a gwiwa, ta ce, "Ƙanina, a hannuna ka girma. Ka gaya musu ban yi wa kowa baki ba, ko don abincin da ka ci a tukunyata."

"Ni me na ce, Yaya? Ai mutane suna da ido," ya faɗa, ko ɗago kai bai yi ba.

Yunwa ta shigo, mai ɗaki ya ce ta nemi wani wuri. Ta daina roƙon Allah ya mayar mata da gida, sunanta kawai take roƙo, kada ta mutu ana ce mata muguwa.

Rana dubu ta ɓarawo! Wata azahar aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, shagon dillali ya rufta da kayansa gaba ɗaya. Ƙarƙashin daɓensa sai ga magudanar ruwan da marigayi ya haƙa, an toshe ta da siminti. Ashe ruwan da ya rasa hanya ne yake komawa gindin gidan! Maginin da ya gina shagon ya rantse a gaban jama'a cewa ya gargaɗi mai shagon tun farko. Direba ya ci kwalar dillali, bai sake shi ba sai a hannun 'yan sanda.

Aka buɗe magudana, bango ya bushe, yarinya ta warke. Direba ya durƙusa ya miƙa wa Mai Ɗinki makullin ɗakin gaba, ɗakin da ta zauna da mijinta, ya ce, "Mama, naki ne har abada."

Matan layi suka wanke keken suka kawo, kai a sunkuye, suna neman gafara. Ta ce ta yafe, kuma har zuciyarta ta yafe. Sannan ta zauna, ta ɗora ƙafa ta taka, ta sake takawa... Tsatsa ta riga ta cinye shi, bai ƙara juyawa ba.